2.3 Tarihin Biyan Fanshon Tsofaffi a Birtaniya

A wannan sashe za a duba yadda hanyar biyan tallafi ta shafi mutuncin mai karɓa. Kafin ƙarni na ashirin, tsohon da ƙarfinsa ya ƙare a Ingila ba shi da madogara a wajen hukuma sai Dokar Matalauta ta 1834, wadda takan kai mutum gidan gajiyayyu, inda ake raba miji da mata. Saboda haka da yawa sun gwammace yunwa da wannan kunya.

A 1908 gwamnatin Asquith ta kafa dokar fanshon tsofaffi. An tanadi sule 5 duk mako ga wanda ya kai shekara 70, muddin abin da yake samu bai wuce fam 21 a shekara ba. An fara biya ranar Juma'a, 1 ga Janairu, 1909. Abin lura shi ne, gidan waya aka ɗora wa biyan, ba jami'an Dokar Matalauta ba. Tsoho yakan je da littafinsa ya karɓi kuɗinsa a inda kowa yake sayen kan sarki, don haka ba a kallonsa a matsayin mabaraci.

Daga 2003 zuwa 2005 aka janye wannan littafi, aka koma zuba kuɗin a asusu, galibi duk bayan mako huɗu. Bisa ga haka, za a iya cewa dokar 1908 ta mayar da tallafi haƙƙi, bayan a da ana ɗaukarsa sadaka.