Masu Sharhin Tsakar Gida: Tarihin Karatun Littattafan Soyayya a Babban Giji

Duk ɗalibin da ya taɓa zama ajin adabi ya san yadda akan kawo tarihin ƙagaggun labarai na Hausa. Akan fara da gasar da Rupert East ya shirya a Zariya cikin 1933, a lissafa littattafan nan biyar na farko, watau Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Sa'an nan a gangaro zamanin hukumar NORLA, a zo kan gasar kamfanin NNPC wadda ta fitar da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed cikin 1980, a biyo da ta Gwamnatin Tarayya wadda ta ba mu Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa cikin 1982. Duk wannan gaskiya ne, kuma na haddace shi kamar kowa. Amma fa in ka duba da kyau, Malam mai karatu, tarihi ne na marubuta da alƙalan gasa da kamfanonin ɗab'i. Wanda ya sayi littafin, ya karanta, ya ji haushi ko ya yi kuka, ba a ba shi ko layi ɗaya ba. To, shi nake so in ba wuri a wannan ɗan rubutu, kuma zan tsaya ne ga unguwar da na tashi, watau Babban Giji ta ƙaramar hukumar Tarauni, maƙwabciyar Gyaɗi-Gyaɗi, don nan ne na gani da idona.

Kafin in kai can, ya kamata in nuna bambancin da ke tsakanin karatun iyayenmu da na yayyenmu. Littattafan farko a makaranta aka fi karanta su, malami na tsaye da alli. Yaron da ya karanta Magana Jari Ce ba a tambayarsa ko aku ya yi daidai. Abin da ake tambayarsa shi ne wane darasi ya koya, kuma amsar tana hannun malam tun kafin a yi tambayar. Ra'ayin mai karatu a wancan zamani abin sa wa maki ne.

Abubuwa uku suka haɗu suka sake wannan tsari. Cikin 1976 aka buɗe shirin UPE na ilimin firamare kyauta, yara suka cika azuzuwa har ƙarƙashin itatuwa, kuma kafin ƙarshen shekarun 1980 waɗannan yara sun zama samari da 'yan mata masu iya karanta Hausar boko. Cikin 1980 kuma gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya ta Jihar Kano, matan aure da 'yan kasuwa suka shiga ajin yamma. Sai ga matsin tattalin arziki da tsarin SAP na 1986 sun karya manyan kamfanonin ɗab'i. Ga masu karatu jingim, babu mai buga musu abin karantawa. Da haka marubuta suka shiga kai rubutunsu ƙananan maɗaba'u da kuɗin aljihunsu, kamar yadda Talatu Wada Ahmed ta yi da Rabin Raina wajen 1984. Kafin a ankara Kano ta cika da 'yan siraran littattafai masu kashi na ɗaya da na biyu da na uku, ga ƙungiyoyin marubuta irin su Raina Kama da Kukan Kurciya. Waɗannan littattafai ba malamin da ya tsaya a kansu. Wanda ya karanta, ra'ayinsa nasa ne.

Ni kuwa a farkon shekarun 1990 ina ɗan firamare, kuma ni ne autan gidanmu, saboda haka ni ne ɗan aike. Yayata da ƙawayenta da matan aure na layinmu, waɗanda ba su fita sai da dalili, duk ni suke aika wa mai hayar littattafai. Wani ɗan shago ne na langa-langa, an ɗaura igiya an rataye littattafan kamar shanya. Ka ba da 'yan kuɗi kaɗan, a rubuta sunan gidanku a wani tsohon littafin rajista, ka tafi da littafi kwana ɗaya ko biyu. In sabo ya fito wanda bai iso unguwa ba, sai a haɗa mini kuɗin mota in hau kiya-kiya a Titin Zariya in tafi Bata, bakin kasuwar Sabon Gari, inda dillalan suke. Ba littafi kaɗai nake ɗauka ba, har da saƙon baka. Wannan ta ce in gaya wa waccan kada ta ɓata kuɗinta a kan na biyu, marubucin ya kashe labarin. Waccan ta ce in koma in ce mata ai ita ce ba ta gane ba. Sai da na girma na zauna ajin nazari na fahimci cewa abin da nake ɗauka gida gida ɗin nan, shi ne malamanmu ke kira sharhi.

Babban zaman kuwa bayan azahar ake yinsa a tsakar gidanmu, an gama wanke-wanke, wata na kitso, wata na ƙulla gyaɗar sayarwa. Yayata ce mai karantawa da ƙarfi, domin cikin matan akwai waɗanda allo kaɗai suka yi. Ba ta kai shafi uku ba a tsai da ita ba. Na tuna makon da aka karanta In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, labarin Sumayya 'yar masu hali da ta so Muhammad talaka, da attajirin nan Abdulƙadir da ya bi ta hannun kakarta. Da aka zo inda Sumayya ta faɗa rijiya, 'yan matan suka hau tsine wa kakar. Sai kakarmu, wadda muke tsammani gyangyaɗi take yi a bakin ƙofar ɗakinta, ta ɗago kai ta ce tsohuwar nan ba ta yi laifin kome ba, ita ta san zafin yunwa, su kuwa ba su sani ba. Wata amarya ta ce, "Haba Inna, ai ran yarinya ya fi buhun shinkafa." Inna ta ce a bari su haifi nasu tukuna. Aka yi ta yi har la'asar ta kusa wucewa. Abin lura a nan shi ne, a gidanmu babu yarinyar da za ta iya duban idon Inna ta yi mata musu a kan auren dole. Amma a kan auren Sumayya an yi, kuma kowa ya san ba Sumayya ake nufi ba.

Haka aka yi da littattafan Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala, wadda ita ma aka yi wa aure tana ƙarama, daga baya ta nemi ilimi a ajin manya. Wa Zai Auri Jahila? ya fi shiga ran 'yan mata, saboda Abu da aka cire daga makaranta aka ba Sarkin Noma. Matan aure kuwa Alhaki Kuykuyo Ne na 1990 suka riƙe. Gardamarsu ɗaya ce: bayan Alhaji Abdu ya kori Rabi da 'ya'yanta saboda Delu, ta sha wuya ta tsaya da ƙafarta, don me za a matsa mata ta koma masa da ya talauce? Wasu suka ce marubuciyar ta ci amanar Rabi. Wata bazawara da ke zuwa kitso ta ce a'a, gaskiya ta faɗa, haka dangi ke yi, da ta rubuta wani abu dabam da ƙarya ta yi. Cikin 2012 an buga fassarar littafin nan ta Turanci a Indiya, wadda Aliyu Kamal ya yi, masana suka yi ta rubutu a kan wannan ƙarshe. Na karanta wasu, kuma ban ga wanda ya wuce inda bazawarar nan ta tsaya ba.

Samari fa? Su a bencin mai shayi suke cewa littafin mata ne, su sai na yaƙi da aljanu da 'yan fashi. Amma ni da ke riƙe da sirrin rajistar mai haya na san masu zuwa bayan isha'i su karɓa su cusa a aljihu, kuma rabin wasiƙun da ake ba ni in kai wa 'yan matan layinmu daga cikin littattafan nan aka kwafo su. Wata ta taɓa mayar wa saurayi da tasa, ta rubuta masa lambar shafin a ƙasa.

Akwai kuma sharhin da ake yi a jikin littafin kansa. Littafin haya yakan bi hannu talatin kafin ya yage, kuma kusan kowace mai karatu da bironta. A gefen shafi sai ka ga an rubuta wa mugun labarin Allah ya isa, a ƙasa wata ta amsa da jan biro cewa ai laifin uwar ne, wata kuma ta ja layi ƙarƙashin kuskuren marubuci, ta ce a na ɗaya sunan ƙanwar dabam ne. Mutanen da ba su taɓa ganin juna ba, daga Darmanawa zuwa Unguwa Uku, suna muhawara a takarda ɗaya. Marubutan ma sun san da su, don sukan sa adireshinsu a littafi, wasiƙu su yi ta zuwa, su zaɓi wasu su buga a ƙarshen kashi na gaba. Wasu labaran tun kafin a buga su an ji su a rediyo, a shiri irin Shafa Labari Shuni na gidan rediyon Kaduna. Tun da kuwa ba a buga na biyu sai na ɗaya ya sayu, mai karatu yana da hannu a kan yadda labari zai ƙare, abin da ɗalibin Magana Jari Ce bai taɓa mafarkinsa ba.

A daidai wannan lokaci ne masana suka buɗe tasu muhawarar. Cikin 1991 Ibrahim Malumfashi ya soki waɗannan littattafai a jaridar Nasiha, kuma shi ya yaɗa sunan nan Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta su da na kasuwar Onica. Marubutan suka mai da martani, Ibrahim Sheme ya ba kowa fili a shafukan da yake kula da su, daga baya Abdalla Uba Adamu ya shigo yana kare su a New Nigerian. Muhawara ce mai amfani, ba na raina ta. Sai dai kusan dukansu, mai suka da mai kariya, a kan yarinya mai karatu suke magana: wannan ya ce ana ɓata ta, wancan ya ce ana wayar mata da kai. Ita ba a cika tambayarta ba. Da aka zo 2007, lokacin da gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ƙona littattafan da aka ƙwace a makarantun 'yan mata ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, marubuta sun yi kukan aikinsu. Ni abin da ya zo mini a rai shi ne rubuce-rubucen gefen shafi da suka tafi cikin wutar. Littafi ana iya sake buga shi, su kuwa kwafi ɗaya ne tak. Sauran kuma gara da damina sun gama da su, masu haya sun rufe shaguna, karatu ya koma cikin waya.

Ni ma ina da nawa laifin a cikin wannan asara, kuma shi ya sa ni wannan rubutu. Yayata tana aji uku na sakandare aka sa ranar aurenta. Ana saura 'yan makonni ta rubuta wasiƙa zuwa ga wani marubuci, ta liƙe, ta ba ni kuɗin kan sarki ta ce, "Auta, ka kai gidan waya, kada ka nuna wa kowa." Na fita da niyyar kaiwa, sai na bi ta wurin mai hayar keke. Kuɗin suka tafi a zagaye uku. Tsoro ya hana ni faɗa, na cusa wasiƙar cikin littafina na makaranta. Bayan ta tare, duk lokacin da na kai mata sabon littafin marubucin nan, daga baya take fara buɗewa, ta bi sunayen masu wasiƙu da yatsa, sa'an nan ta rufe ta ce ai mutane ne da yawa. Ni kuwa ina tsaye ina kallon ƙasa.

Bara, muna kwashe kayan ɗakin mahaifiyarmu, na ci karo da wasiƙar a cikin wani akwatin ƙarfe. Na buɗe. Shafi ɗaya ne da rabi, an yago daga littafin lissafi. Bayan gaisuwa da yabo, tambaya ɗaya ta yi masa. Ta ce ta lura a littattafansa da na 'yan'uwansa, duk yarinyar da ta guje wa auren dole tana da wata gwaggo mai kuɗi a wani birni da za ta karɓe ta ta sa ta makaranta. To, wadda gwaggonta ke nan cikin gida, kuma ita ce ma ta kawo mijin, ina za ta? Ta roƙe shi ya rubuta labarin wannan, ko da ƙarshensa ba zai yi daɗi ba. Na yi shekaru ina karanta kundayen digiri a kan jigo da salo da warwarar jigo na waɗannan littattafai, ban gamu da tambayar da ta kama su a wuya kamar ta yarinyar nan mai shekara goma sha biyar ba.

Na ɗauki wasiƙar na kai mata gidanta a Gyaɗi-Gyaɗi, na faɗa mata gaskiyar abin da ya faru. Yanzu tana da jikoki. Ta sa tabarau ta karanta har ƙarshe ba ta ce kome ba, sa'an nan ta miƙa wa 'yarta ta ƙarshe, wadda ke kwance tana karanta wani labari a waya, ta ce ta duba ta gani ko marubutan yanzu sun amsa. Yarinyar ta karanta ta ce, "Umma, ai yanzu gwaggon Dubai take." Yaya ta yi dariya har da hawaye. Da na tashi tafiya na roƙe ta izinin in ambaci wasiƙar a wannan mujalla. Ta ce ta yarda, amma kada in sa sunanta, kuma in fara biyan ta kuɗin kan sarkinta.