Lambar Mersenne ta 67: Tarihin Wani Kuskure da Yadda Aka Gyara Shi

Masana lissafi sun daɗe suna sha'awar lambobin da ba sa rabuwa, wato waɗanda babu lambar da ke raba su daidai ba saura sai 1 da su kansu, kamar 7 da 13 da 31. Irin waɗannan ana iya kiransu ƙi-rabo. A shekarar 1644 wani malamin addinin Kirista a Faransa, Marin Mersenne, ya wallafa littafi a birnin Paris inda ya yi magana a kan wani rukuni nasu. Yadda ake samun su shi ne a jera lamba 2 sau da yawa, a ninka su da juna, sa'an nan a ɗebe 1. Idan aka jera 2 sau biyar, alal misali, za a sami 32, a ɗebe 1 saura 31, ga ƙi-rabo ta fito. Amma ba kullum dabarar ke ci ba, domin sau 11 yana ba da 2,047, wadda ita ce 23 sau 89.

Mersenne ya bayyana cewa daga 2 zuwa 257, wurare goma sha ɗaya kaɗai ne ke haifar da ƙi-rabo: 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31, 67, 127 da 257. Bai kawo hujja ba. A 1772 Leonhard Euler ya tabbatar da ta 31, wato 2,147,483,647, sai martabar jerin ta ƙaru. Ta 67 kuwa, mai alƙaluma 21, ita ce 147,573,952,589,676,412,927, kuma ta fi shekara ɗari biyu babu wanda ya iya gwada ta.

A 1876 Édouard Lucas, shi ma Bafaranshe, ya fito da wata hanyar gwaji wadda ta gaskata Mersenne a kan ta 127, amma ta nuna cewa ta 67 tana rabuwa. Sai dai gwajin ba ya faɗin abin da ke raba ta. An san akwai ɓarawo, ba a san sunansa ba.

Frank Nelson Cole, malami a Jami'ar Columbia, shi ya ɗaura aniyar gano shi. Akwai wata ƙa'ida da ta rage wa mai nema wahala: duk lambar da za ta raba wannan lamba tilas ta zama ninkin 134 da ƙarin 1, kamar yadda 23 da 89 suke ninkin 22 da ƙarin 1. Duk da haka aikin ya yi tsawo, ga shi da hannu ake yi. A watan Oktoba na 1903, a taron Ƙungiyar Masana Lissafi ta Amurka a New York, Cole ya gabatar da sakamakonsa: 193,707,721 sau 761,838,257,287. Bisa ga ruwayar Eric Temple Bell, bai ce uffan ba. Ya lissafa lambar a gefe ɗaya na allo, ya ninka waɗannan biyu a ɗaya gefen, amsoshin suka zo daidai, ya koma ya zauna, jama'a suka ɗauki tafi. An ce ranakun Lahadi na shekara uku ya kashe a kan aikin.

Daga bisani an gane kurakuran Mersenne biyar ne: ta 67 da ta 257 suna rabuwa, ya kuma tsallake 61 da 89 da 107.

Abin lura a nan shi ne, gano masu rabon ya ci shekaru, amma duba gaskiyarsu aikin zama ɗaya ne. A kan wannan bambanci aka gina tsarin RSA na ɓoye saƙo a 1977, wanda ake amfani da shi wajen tsare asirin saƙonni da kuɗin jama'a a intanet. Har ila yau, maganar Mersenne ta shekara 232 kafin hujja ta rushe ta. Ɗalibi ko ma'aikacin da aka miƙa wa alƙaluma don ya sa hannu, girman wanda ya kawo su bai ɗauke masa nauyin sake lissafawa ba.