Yadda Intanet Ta Shiga Gidajen Kwalkwalawa Ba Tare da Igiya Ba

Kwalkwalawa, wadda ke bakin kogin Rima a kan hanyar da ta tashi daga birnin Sakkwato zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, an fi saninta da kamun kifi da noman fadama, amma maƙwabtakarta da jami'ar da aka kafa a 1975 ta sa tarihin sadarwarta ya cancanci nazari, musamman ganin cewa ya bi tafarki dabam da wanda ƙasashen Yamma suka bi.

A Amurka, intanet mai sauri ta shiga gidaje ne ta igiyar talabijin, wato waya mai zuciyar tagulla wadda kamfanoni suka riga suka shimfiɗa unguwa-unguwa domin kai tashoshin kallo. Bayan fitowar ƙa'idar DOCSIS a 1997, wadda ta tsara yadda bayanai za su bi wannan igiya, haɗa kwamfutar gida ya zama aiki mai sauƙi: a ɗaura igiyar a jikin modem, na'urar da ke mayar da siginar waya zuwa abin da kwamfuta ke ganewa, sannan a ja wata waya zuwa kwamfutar, ita kuwa ta karɓi lambar adireshinta daga kamfani.

Wannan tushe ne Sakkwato ba ta taɓa samu ba, domin tashoshin waje ta faifan tauraron ɗan'adam suka iso, kuma kamfanin NITEL, wanda aka kafa a 1985, bai kai layukan tarho rabin miliyan ba a duk faɗin Najeriya kafin shekarar 2001, galibinsu a ofisoshin gwamnati da gidajen manya. Saboda haka ɗalibai da malamai suka dogara da shagunan intanet na cikin gari, waɗanda ke kama sadarwa ta tauraron ɗan'adam suna sayar da ita awa-awa.

Sauyi ya faro ne da gwanjon lasisin wayar salula da hukumar sadarwa ta NCC ta gudanar a Janairun 2001, inda kowane lasisi ya tashi a dala miliyan 285, sannan MTN da Econet suka fara aiki a watan Agusta na shekarar. Da zuwan 3G daga 2007, sai ƙaramin modem mai cin layin waya, wanda ake sokawa a gefen kwamfuta, ya maye gurbin igiyar da ba a taɓa shimfiɗawa ba, kuma saitinsa bai wuce rubuta sunan mashigar kamfani da sayen data ba.

Igiya dai ta zo daga baya, sai dai ba ta ƙaraso ƙofar gida ba. Wayoyin ƙarƙashin teku na MainOne da Glo-1 sun fara aiki a Legas a 2010, amma jan wayar gilashi, wadda ke ɗaukar bayanai ta hanyar haske, zuwa arewa ya yi ta cin karo da tsadar kuɗin izinin haƙa da jihohi ke karɓa, har aka tsayar da naira 145 a kowace mita, farashin da ba kowace jiha ta bi ba. A ƙauyuka irin Kwalkwalawa, inda gidaje ba su da yawan da zai mayar wa kamfani kuɗinsa, wayar takan tsaya a turakun sadarwa, ragowar tafiyar kuma iska ke yin ta. Shi ya sa kwamfutar gida a yau ta fi jingina da wayar hannun mai ita, kuma abin da ke iyakance ta shi ne wutar lantarki da farashin data, wanda NCC ta amince a ƙara da kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025.