Ina amyar da ake ratayawa a kan kuka?

 Yau a ajiye zancen jarabawa, tarihin ƙudan zuma na zo da shi.

Dattawanmu na Yerimaram da kewayen Potiskum suna ba da labarin zamanin da ake rataya amya a kan kuka da tsamiya, a sha zuma har a kai kasuwa. To amma aikin ƙudan ya wuce zuma. Shi ke ɗaukar garin fure daga wannan fure zuwa wancan, kankana da guna da kabewa su yi 'ya'ya. Rahoton ƙungiyar IPBES na 2016 ya ce kusan kashi 75 cikin 100 na nau'o'in amfanin gonar da duniya ke ci suna amfana da irin wannan barbara.

Sai farin 1972 zuwa 1974 ya zo, na 1983 da 1984 ya biyo baya. Itatuwa suka bushe, gatari da gawayi suka bi sauran, feshin maganin ƙwari ya yawaita. A ganina, abin da ya sa ba mu farga da wuri ba shi ne gero da dawa ba ruwansu da ƙudan zuma. Tuwo bai yanke ba, sai muka ɗauka lafiya lau.

Maƙwabtanmu na Maraɗi, a Nijar, sun sha wannan farin, amma sun samo mafita. A 1983 wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da ke gonaki ba su mutu ba. Manoma suka riƙa barin tsiro mafi ƙarfi a kowane kututture, suna rage sauran. Shi ne sassaben zamani. An ƙiyasta ya farfaɗo da itatuwa miliyan 200 a hekta miliyan 5. Cikinsu har da gawo, mai fure a farkon rani, lokacin da ƙudan zuma ke rasa abinci.

Yobe tana cikin jihohi 11 na shirin katangar itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, amma fa kututturen gonar gidanku ba sai an jira gwamnati ba. Ranar 20 ga Mayu ce ranar ƙudan zuma ta duniya, daidai lokacin sharar gona. Don Allah duk wanda ya je gida, ya roƙi Baba a bar gawo da aduwa su tashi, kada a banka musu wuta, feshi kuma a bari sai yamma.

A garinku har yanzu ana rataya amya?