Hunturu a Furfuri: Yadda Kakanninmu Suka Riƙa Tsare Ɗumi, da Yadda Muka Koma Sayensa

Duk wanda aka haifa a Furfuri, ko da ya shekara talatin a Kaduna ko Abuja ko Ikko, ba zai manta da asubahin watan Janairu ba. Jaura na kaɗawa daga arewa maso gabas, hazo ya rufe gari, leɓe ya tsattsage, yara sun kewaye wutar kara a ƙofar gida. A yankinmu na Bunguɗu da Gusau da Tsafe, zafin rana kan haura digiri 30 a wannan lokaci, amma cikin dare yakan sauko ƙasa da 15. A yau, da zarar Disamba ta kama, mu da ke birane mukan fara samun kira daga gida: a aiko da kuɗin itace, a aiko da na gawayi, tsohuwa na fama da tari. Ya kamata mu tambayi kanmu: me ya sa ɗarin da kakanninmu suka riƙa wucewa kusan ba tare da kashe ko anini ba, ya zama nauyi a aljihunmu?

Amsar farko tana jikin bango. Maginan da suna gina ɗaki da tubali da laka mai kauri, a kwaɓa ta da ciyawa a bar ta ta ruɓa kafin a ɗora. Irin wannan bango yakan sha zafin rana a hankali tun daga hantsi, sa'annan ya riƙa sakinsa cikin ɗaki bayan faɗuwar rana, daidai lokacin da ake bukatarsa. Rufin soro, wanda ake shimfiɗa azarar giginya a danne da ƙasa, haka yake aiki. Jinkar ciyawa ma, saboda iskar da ke maƙale tsakanin sillayenta, ba ta barin ɗumi ya tsere da wuri. Taga ƙarama ce, tana can sama. Ƙofa kuwa gajera, an rufe ta da asabari ko tufaniya. Zaure da katanga da darni suna karya ƙarfin iska kafin ta kai tsakar gida.

A ɗakin tsofaffi akwai gadon ƙasa mai rami a ƙarƙashi. Idan an gama tuwon dare, sai a kwashe garwashin murhu a zuba a ramin, gado ya ɗau ɗumi har asuba. Wuta ɗaya ke nan ta yi aiki biyu. Da safe kuma a tone rushi daga cikin toka a hura, a ɗumama tuwo da ruwan wanka. Makamashin ma gona ce ke bayarwa, domin hunturu na zuwa ne bayan kaka: ga karan dawa da na gero, ga itacen auduga, ga busasshen kashin shanu da Fulani makiyaya ke bari a gonaki. Gungumen marke guda yakan kwana yana ci. Ƙirya kuwa maƙera ne suka fi nemanta don gawayi. Ɗorawa da kaɗanya da kuka ba a cika sare su ba, domin amfaninsu a tsaye ya fi na toka. Lulluɓi kuma daga audugarmu yake fitowa: mata su yi kaɗi, masaƙa su saƙa gwado da luru masu nauyi waɗanda kan yi shekaru ana mora.

Sauyi ya fara shigowa ne ta layin dogo. A ƙarshen shekarun 1920 jirgin ƙasa ya iso Gusau daga Zariya, ya zarce Ƙaura Namoda a 1929. Ya kwashi auduga da gyaɗa, ya kawo atamfa da kananzir da kwanon rufi. A shekarun 1960 aka kafa masaƙar zamani a Gusau, aka kuma kafa kamfanin siminti a Kalambaina kusa da Sakkwato. Amma babban juyi ya zo da arzikin man fetur, musamman bayan ƙarin albashin Udoji na 1974. Daga nan gidan bulo da rufin kwano ya zama shaidar cewa ɗa ya yi arziki a birni. Mu ne muka aiko da kuɗin, mu ne muka ce a rushe soron Baba a yi masa na zamani. Niyyarmu kyakkyawa ce, kuma gaskiya ne kwano ya hutar da mutane daga yaɓe da yoyon damina. Sai dai ba mu lura da abin da muka bayar a madadinsa ba. Kwano siriri ne: da rana ya gasa ɗaki, da dare ya saki zafin nan take. Bulo mai rami ba ya riƙe ɗumi kamar laka, siminti a ƙasa yana ɗaukar sanyi, manyan tagogi kuma suna shigo da iska ta kowace kafa.

A daidai wannan zamani daji ya fara ja da baya. Farin 1972 zuwa 1974, da na tsakiyar shekarun 1980, sun kashe itatuwa masu yawa. Gonaki sun faɗaɗa. Gusau kuma, bayan ta zama babban birnin Jihar Zamfara a ranar 1 ga Oktoba, 1996, ta cika ta batse, motocin itace na yi mata jigila daga ƙauyuka. An cire tallafin kananzir a 2016, aka cire na fetur a watan Mayun 2023, gidaje da dama a birane suka koma ga gawayi, farashinsa ya tashi ga kowa. Rashin tsaron da ya addabi jiharmu tun daga wajejen 2011 ya sa shiga daji neman itace ya zama kasada da rai. Abin da a da yaro ke ɗebowa a bayan gari, yau sai da kuɗi a hannu.

Akwai kuma hasarar da ta fi ta kuɗi. Ɗakin jinka yana numfashi, hayaƙi na fita ta rufi. Ɗakin siminti da aka toshe, aka kunna kaskon gawayi a ciki, yana tara wata iska mai guba marar launi marar wari, wadda kan ɗauke ran mai barci bai sani ba. Gobarar hunturu ma sau da yawa daga irin wannan kasko take tashi. Kada a kwana da gawayi a rufaffen ɗaki, komai tsananin ɗari.

Ba muna cewa a koma zamanin da ba ne, amma Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Wanda zai yi gini a gida, ya yi shawara da tsofaffin magina: bangon tubali mai kauri a kan harsashin siminti, da kwano a sama don ruwa, ya haɗa amfanin biyu. Wanda ya riga ya gina, ya sa silin, domin ta rufi mafi yawan ɗumi ke fita. A toshe kafofin taga da ƙasan ƙofa, a shimfiɗa tabarma ko darduma, a gyara darni ta fuskar da jaura ke bugowa. Maƙwabtanmu na Nijar tun shekarun 1980 suka yaɗa murhun ƙarfe mai suna Mai Sauƙi, wanda ke killace wuta a gindin tukunya ya rage cin itace; maƙeranmu za su iya ƙera irinsa. Bargo mai kyau guda, da hula da safa ga tsoho da jariri, sun fi buhun gawayi daɗewa. Kowane gida kuma ya dasa itace a farkon damina, ya kula da shi har ya kama.

Kuɗin itacen da muke aikawa yakan ƙone a dare ɗaya. Silin da bargo da bishiya suna nan baɗi da baɗin baɗaɗa. Idan kiran hunturun bana ya zo, mu aika da abin da aka nema, sa'annan mu tambaya wane irin ɗaki iyayenmu ke kwana a ciki. Allah Ya ja kwanansu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.