Kuɗi Da Ƙwallon Ƙafa: Yadda Manyan Kulob Na Turai Suka Yi Wa Ƙanana Nisa

Jama'a, matasanmu da ke cika gidajen kallon ƙwallo ran Asabar da Lahadi sun taso sun tarar kulob biyar ko shida ne ke juya kofuna a tsakaninsu. Wannan na Arsenal, wancan na Chelsea, wani na Madrid ko Barcelona, har suna tsammanin tun fil azal haka abin yake. Mu da muka fara bin ƙwallon Turai ta akwatin rediyo a shekarun 1980 mun riski ƙarshen wani zamani dabam, lokacin da kulob ɗin ƙaramin gari kan tashi ya kayar da na babban birni ya ɗauke kofi. Shi ya sa muka ga ya dace mu bi tarihin nan daki-daki, mu ga ta inda kuɗi suka shigo da abin da suka yi wa gasar.

Mu fara da Ingila, tunda can aka kafa gasar lig ta farko a duniya a shekarar 1888 da kulob 12. Shugabannin wancan lokaci sun san halin kasuwa, sun san in aka sakar wa mai babban jari mara zai kwashe kaya ya bar saura da hamma. Saboda haka suka gindaya sharuɗɗa. A 1901 aka sa iyakar albashi, ba ɗan wasan da za a biya fiye da fam 4 a mako. Aka riƙa ɗaga iyakar kaɗan-kaɗan har ta kai fam 20. Sannan kuɗin ƙofa rabawa ake yi, kulob ɗin da ya zo baƙunta yana da kasonsa. Ɗan wasa kuma ba shi da ikon tashi sai kulob ɗinsa ya yarda. To, tunda albashin ɗaya ne ko'ina, gwani ba shi da dalilin barin garinsu. Tom Finney, ɗaya daga cikin gwanayen Ingila, a Preston ya fara kuma a nan ya ajiye takalmi, ga shi kuma sana'arsa ta gyaran famfo bai yar ba.

Gaskiya tsarin ya danne haƙƙin 'yan wasa, don su ke tara jama'a amma wasu ke cin riba. A watan Janairun 1961 ƙungiyar 'yan wasa a ƙarƙashin Jimmy Hill ta yi barazanar yajin aiki, aka soke iyakar albashi. Nan take Fulham ta mayar da albashin Johnny Haynes fam 100 a mako. Duk da haka gasar ba ta lalace nan da nan ba, domin abin da kulob ke samu bai wuce na 'yan kallo ba, kuma filin wasa komai girmansa yana da iyaka. Ipswich Town ta hau rukuni na ɗaya a 1961, ta lashe gasar a 1962. Daga 1967 zuwa 1973 kulob bakwai dabam-dabam ne suka ci kofin a shekara bakwai: Manchester United, Manchester City, Leeds, Everton, Arsenal, Derby da Liverpool. Nottingham Forest kuwa, a hannun Brian Clough, ta fito daga rukuni na biyu a 1977, ta ci lig a 1978, ta ɗauki kofin Turai a 1979, ta sake ɗauka a 1980.

A nahiyar ma haka abin yake. Kofin Turai na da, zakaran kowace ƙasa ne ke shiga, a yi wasa gida da waje, wanda aka cinye ya kama hanya. Celtic ta Sikotlan ta ci a 1967 da 'yan wasan da dukkansu haifaffun Glasgow ne da kewayenta. Steaua ta Romaniya ta ci a 1986, PSV ta Holan a 1988, Red Star ta Belgrade a 1991. Waɗannan duk ba ƙasashen da ake jin su da kuɗin ƙwallo ba ne.

To, me ya faru? Abubuwa huɗu ne suka biyo juna cikin shekara goma sha. Na farko, a 1983 manyan kulob na Ingila suka matsa aka daina raba kuɗin ƙofa a wasannin lig, mai gida ya riƙe abinsa duka. Kun ga mai filin mutum dubu hamsin ya rabu ke nan da mai filin dubu goma sha biyar.

Na biyu, talabijin. A 1992 kulob 22 na rukuni na ɗaya suka ɓalle suka kafa gasar Firimiya, don su sayar da wasanninsu da kansu ba tare da raba kuɗin da ƙananan rukunai kamar da ba. Cinikin farko da kamfanin Sky da BBC ya kama fam miliyan 304 na shekara biyar. Zuwa cinikin 2016 zuwa 2019, na cikin gida kaɗai ya haura fam biliyan 5 na shekara uku. A cikin Firimiya ana raba rabin kuɗin gida daidai wa daida, kashi ɗaya cikin huɗu bisa matsayin da kulob ya ƙare, sauran kuma bisa yawan nuna shi a talabijin. Rabon ba laifi a tsakaninsu, amma ya haƙa rami mai zurfi tsakanin waɗanda ke ciki da waɗanda ke waje.

Na uku, a wannan shekara ta 1992 aka sauya wa kofin Turai fasali ya zama gasar Zakarun Turai. Daga 1997 aka buɗe wa na biyu a manyan ƙasashe ƙofa, daga 1999 kuma manyan ƙasashe suka riƙa kawo kulob har huɗu. A nan ne abin ya zama kamar jarin da ke haihuwa. Wanda ya ƙare cikin huɗun farko ya sami kuɗin Turai, ya sayi 'yan wasa da su, baɗi ya sake ƙarewa cikin huɗun farko. Da ruwan ciki ai akan ja na rijiya. Wanda ya zo na bakwai kuwa sai dai ya ga ana ɗauke masa gwanaye.

Na huɗu, shari'ar Bosman. Jean-Marc Bosman ɗan wasa ne a garin Liège na Beljiyam. Kwantiraginsa ya ƙare a 1990, ya nemi komawa Dunkerque ta Faransa, cinikin ya rushe a kan kuɗin da kulob ɗinsa ya nema. Ya kai ƙara, ran 15 ga Disambar 1995 kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci cewa wanda kwantiraginsa ya ƙare yana iya tafiya kyauta, kuma ba a ƙayyade yawan 'yan ƙasashen Tarayyar da kulob zai sa a fili. Ɗan wasa ya sami 'yanci, amma ƙananan ƙasashe suka ji a jikinsu. Ajax da ta ci kofin Turai a 1995 da Finidi George da Nwankwo Kanu a cikinta, kafin shekara uku ta watse. Kanu ya tafi Inter, Finidi ya tafi Real Betis, Davids da Kluivert suka tafi Milan ba a biya Ajax ko sisi ba. Bayan Porto ta ci kofin a 2004, daga 2005 har 2025 bai fita daga ƙasashe biyar ba: Ingila, Sifen, Italiya, Jamus da Faransa.

Daga nan sai zamanin attajirai. Jack Walker, mai kamfanin ƙarafa, ya zuba dukiyarsa a Blackburn, ya sayi Alan Shearer fam miliyan 3.6 a 1992, suka ci Firimiya a 1995. Bayan su, shekara tara cur, daga 1996 zuwa 2004, Manchester United da Arsenal ne kawai suka taɓa kofin. Wanda ya karya wannan shi ne Roman Abramovich, attajirin Rasha da ya sayi Chelsea a 2003. Chelsea da rabonta da lig tun 1955 ta ci a 2005 da 2006. A 2008 Sheikh Mansour na Abu Dhabi ya sayi Manchester City, suka ci a 2012, suka kuma jera huɗu daga 2021 zuwa 2024, abin da ba a taɓa yi ba a tarihin lig ɗin Ingila. A 2011 Ƙatar ta sayi Paris Saint-Germain, a 2021 asusun zuba jari na Saudiyya ya sayi mafi yawan hannun jarin Newcastle. Masu kare attajirai suna cewa ai su ne suka shigo da sababbin fuskoki cikin manya. Haka ne, sai dai sun tsawwala kuɗin shiga har ya zama sai mai arzikin ƙasa ke iya tayawa. Ku duba farashi: Trevor Francis fam miliyan 1 a 1979, Shearer miliyan 15 a 1996, Cristiano Ronaldo miliyan 80 a 2009, Neymar Yuro miliyan 222 a 2017.

Sakamakon yana nan a rubuce. Bayern Munich ta ci lig ɗin Jamus sau 11 a jere daga 2013 zuwa 2023. Juventus ta ci na Italiya sau 9 a jere daga 2012 zuwa 2020. Paris Saint-Germain ta ci 11 cikin 13 daga 2013 zuwa 2025. A Sifen, tun bayan Valencia a 2004 har 2025, Real Madrid da Barcelona ne, sai Atlético sau biyu. A Sikotlan, bayan Aberdeen ta Alex Ferguson ta ci a 1985, an kwashe shekara 40 kofin bai fita hannun Celtic da Rangers ba.

Waɗanda suka ce sai sun kamo manya da bashi kuwa, duk ɗan kasuwa ya san ƙarshen wannan. Leeds ta ci bashi a kan kuɗin Turai da take sa ran samu, ta kai wasan kusa da na ƙarshe a 2001. Da ta kasa komawa gasar sai bashi ya taso, ta sayar da 'yan wasa, ta faɗa rukuni na biyu a 2004, na uku a 2007. Portsmouth ma da yawanmu mun yi murna ranar da Kanu ya ci mata ƙwallon da ta ba ta kofin FA a 2008. Ba a cika shekara biyu ba ta karye, aka cire mata maki 9 a 2010, ta sauka.

Ganin haka hukumar ƙwallon Turai, UEFA, ta fito da dokar kashe kuɗi daidai da samu, wadda ta fara aiki a 2011. Firimiya ma ta sa tata: kada asarar kulob ta wuce fam miliyan 105 cikin shekara uku. Da ita aka cire wa Everton da Nottingham Forest maki a kakar 2023 zuwa 2024. Manchester City kuwa UEFA ta dakatar da ita shekara biyu a Fabrairun 2020, kotun wasanni ta soke dakatarwar a watan Yuli. Dokar ta rage karyewar kulob, amma tana da nata cikas. In aka ce kowa ya kashe gwargwadon samunsa, to wanda ya riga ya yi kuɗi shi zai ci gaba da fin kowa kashewa.

Kada mu ce kuɗi ne komai. Manchester United ta kashe maƙudan kuɗi bayan tafiyar Ferguson a 2013, amma har 2025 ba ta sake ganin kofin lig ba. Leicester ta ci Firimiya a 2016 da Vardy da aka sayo fam miliyan 1 da Mahrez da bai kai rabin miliyan ba. Napoli ta ci lig ɗin Italiya a 2023 da ƙwallayen Victor Osimhen bayan shekara 33 tana jira. Leverkusen ta ci na Jamus a 2024 ba a doke ta ko sau ɗaya ba, sai Atalanta ce ta kayar da ita a wasan ƙarshe na kofin Europa da ƙwallo uku na Ademola Lookman. Amma ku lura da abin da kan biyo baya. Leicester ko gama murna ba ta yi ba Chelsea ta ɗauke Kanté. Ta sayo Ahmed Musa da Wilfred Ndidi, daga baya City ta ɗauke Mahrez, a 2023 ta sauka rukuni na biyu. Ƙaramin kulob yakan ci sau ɗaya, washegari dillalai su cika masa ƙofa.

Manyan ma abin bai ishe su ba. A watan Afrilun 2021 kulob 12 daga Ingila da Sifen da Italiya suka sanar da wata gasa tasu ta kansu, wadda waɗanda suka kafa ta ba za su taɓa faɗuwa daga cikinta ba ko da sun yi na ƙarshe. Magoya baya a Ingila suka fito kan titi, har na kulob ɗin da ke ciki. Kafin kwana uku duk kulob shidan Ingila sun janye. Wannan ya nuna masu kuɗin ma suna tsoron ranar da 'yan kallo za su juya baya.

Mu ma fa muna cikin lissafin. Kuɗin da muke biya a gidan kallo da na katin tauraron ɗan'adam, wani kaso nasa can yake ƙarewa. A zagayen 2022 zuwa 2025, abin da Firimiya ta samu daga ƙasashen waje ya kamo na cikin gida har ya ɗan zarce. Kuma tun 2019 manyan kulob suka sa aka riƙa raba ƙarin da ake samu daga waje bisa matsayi, domin a cewarsu don su ake kallo. Wato yawan goyon bayan da muke ba kulob biyar ko shida yana daga cikin abin da ke ƙara musu nisa.

Wanda ke son ya auna tafiyar da aka yi, ya dubi Ipswich. A 1961 ta hau rukuni na ɗaya, a 1962 ta ɗauki kofi a shekararta ta farko. A 2024 ta sake hawowa, a 2025 ta koma inda ta fito tare da Leicester da Southampton. Shekara biyu a jere, 2024 da 2025, duk kulob ukun da suka hau Firimiya sun koma ƙasa a kakarsu ta farko, don a 2024 ma haka ta faru da Luton da Burnley da Sheffield United.