Tarihin Gumel na can Ingila da Faransa, wa za mu aika ya karanto?

Mai karatu, idan yaro ya dawo gida ya ce wa mahaifin sa ya samu gurbin karatu a ƙasar waje, abin da za a fara tambayar sa shi ne: likita ko injiniya? In ya ce tarihi zai karanta, ko kimiyyar zamantakewa, sai ka ga murnar ta koma ciki. Wani kawun ma zai ce, "Yanzu tarihin ne sai an hau jirgi? Ga kakar ka nan a ɗaki, je ka ta ba ka kyauta!" Gwamnatocin mu ma haka su ke kallon abin. A Jigawa, zamanin Saminu Turaki an tura yara Singafo karatun kwamfuta, zamanin Badaru aka tura wasu Chana karatun likita. Ba na ganin laifin wannan ko kaɗan, domin duk wanda ya taɓa kwana a asibitin karkara ya san ƙarancin likitoci ba abin wasa ba ne. Amma bari in ja ka zuwa ƙasar Gumel, ka ga abin da karatun tarihi a jami'o'in waje ya yi mana, da kuma wanda ya rage ba a yi ba.

Cikin watan Maris na 1851 wani Bajamushe ya sauka a Gumel a kan hanyar sa daga Kano zuwa Kukawa. Sunan sa Heinrich Barth, amma a ƙasar nan ya kira kan sa Abdulkarim. Mutane su na ɗaukar sa matafiyi kurum, alhali ɗan jami'a ne. A Jami'ar Balin ya yi digirin digirgir a 1844, kuma kundin sa a kan tarihin ciniki ne a wani tsohon birnin Girka mai suna Korinti. Shi ya sa da ya shiga Gumel idon sa ya tafi kai-tsaye kan kasuwa. Ya rubuta cewa garin babbar matattara ce ta cinikin kanwa, wadda ake ɗaukowa daga ɓangaren Barno da Muniyo a wuce da ita har ƙasar Nufe. A lokacin Sarki Ɗan Tanoma ya tsufa. Da Barth ya sake biyowa a ƙarshen 1854, sai ya tarar rikicin gadon sarauta ya ci garin, ba shi ne wanda ya bari ba. Duk wannan ya na cikin littafin sa mai juzu'i 5, wanda ya fito da Ingilishi da Jamusanci a 1857 zuwa 1858.

Ka ga ke nan abin da ido mai horo ya ke yi. Fatake dubbai sun ratsa Gumel a wannan shekara, sun fi Barth sanin farashin kanwa nesa ba kusa ba, amma shi ne aka koya wa ya tambaya, ya ƙirga, ya rubuta da kwanan wata.

To, Gumel kuwa ƙasa ce mai wuyar sha'ani ga marubucin tarihi. Masarautar Lautai, wadda a yau ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, ta Mangawa ce, kuma ga Barno ta ke kai gaisuwa. Ba ta taɓa shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba. Tsohuwar hedikwatar ta, Tumbi, yanzu ta na cikin Jamhuriyar Nijar. Zamanin Ɗan Tanoma aka dawo Gumel ta yanzu. Ta yi yaƙe-yaƙe da Kano da Haɗeja da Damagaram, har Sarki Abdullahi ya rasu a fagen fama da Haɗejawa a 1872. A 1903 Sarki Ahmadu ya miƙa wuya ga Turawan Ingila, aka sa ƙasar cikin Lardin Kano. Daga 1906 zuwa 1908 kuma jami'an Ingila da na Faransa su ka bi daji su na kafa alamun iyaka daga Kogin Kwara zuwa Tafkin Chadi, su ka raba dangi biyu. Cikin tawagar Faransa, wadda Kyaftin Tilho ya jagoranta, akwai wani tafinta mai suna Landeroin da ya riƙa zama da dattawa ya na rubuta tarihin masarautun da su ka ratsa, aka buga a Faris da Faransanci.

Sai kuma jirgin ƙasa. Layin dogon da ya tashi daga Kano ya bi ta Ringim ya isa Nguru a 1930, kuma bai bi ta cikin Gumel ba, ta Gagarawa ya ratsa. Sunan Gagarawa Tasha ma shi ya ba ka labari. Kasuwar da a da ta ke kallon gabas da arewa, wajen kanwa da mangul da raƙuma, ta juyo ta na kallon Kano da Ikko, wajen gyaɗa da sikeli da kuɗin haraji.

Yanzu lissafa inda takardun wannan labari su ke. Rahotannin Razdan da na Di'o su na gidan adana takardun tarihi na Kaduna. Wasiƙun da aka yi ta aikawa kan batun iyaka su na Kew a Landan. Takardun da wasu jami'an mulkin mallaka su ka tafi da su gida su na Jami'ar Oksfod. Na ɓangaren Faransa su na Yamai, da Dakar, da wani gari a kudancin Faransa mai suna Aix-en-Provence. Ga wasiƙun sarakuna da Larabci, ga waƙoƙin fada da kirari a bakin maroƙa. Wato mai son ya haɗa labarin masarauta guda ɗaya tak, sai ya ji Hausa da Larabci da Ingilishi da Faransanci, in da hali har da Barbarci, kuma sai ya yi fasfo.

A da can jami'o'in Turai ba su ma yarda Afrika ta na da tarihi ba. A 1963, bayan Nijeriya ta samu 'yanci da shekara 3, wani babban farfesa na Oksfod, Hugh Trevor-Roper, ya fito ya ce abin da ke akwai tarihin Turawa ne a Afrika, sauran duhu ne. Amma kafin ya faɗi haka ƙasa ta riga ta fara zamewa a ƙarƙashin sa. Makarantar nazarin Gabas da Afrika ta Jami'ar Landan, wadda aka fi sani da SOAS, ta ɗauki Roland Oliver a 1948 don ya koyar da tarihin Afrika. Kenneth Dike, ɗan Nijeriya, ya gama digirin digirgir a Landan a 1950, ya dawo Ibadan, ya tsaya kai da fata har aka kafa gidan adana takardun tarihi na ƙasa. A Jami'ar Wiskonsin ta Amurka, Jan Vansina ya na koya wa ɗalibai yadda za su auna labarin baka kamar yadda ake auna takarda: wa ya faɗa, daga wa ya ji, me zai samu in an yarda da shi. Ashe maganar kawun nan ta "je ka wurin kakar ka" akwai gaskiya a ciki, sai dai sauraren kakar ma akwai ilmin sa.

A Arewa, wanda ya kafa tubalin Bature ne, H.F.C. Smith, ɗan Jami'ar Kembirij, wanda ya koyar a Sudan da Ibadan kafin ya zo Zariya a 1962 ya buɗe Sashen Tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello. Daga baya ya musulunta ya zama Abdullahi Smith, kuma shi ya assasa Gidan Arewa a Kaduna a 1970, a gidan da Sardauna ya zauna. Ɗalibin sa Murray Last shi ma "karatun waje" ya zo yi, sai dai nasa wajen Sakkwato ne, inda ya durƙusa gaban Waziri Junaidu, Allah ya jiƙan sa, ya karanta takardun gidan waziri. Littafin sa kan Daular Sakkwato ya fito a 1967.

Namu kuma su ka tafi can. Adamu Mohammed Fika ya yi nasa digirin a Landan kan Yaƙin Basasar Kano da zuwan Turawa, aka buga a 1978. Mahdi Adamu ya tafi Bamingam, ya bi sawun Hausawa fatake da malamai har Gwanja da bakin teku, littafin sa The Hausa Factor in West African History shi ma ya fito a 1978. A tsallaken iyaka, André Salifou, haifaffen Damagaram, ya yi karatu a Tulus ta Faransa, ya buga tarihin Damagaram na ƙarni na 19 a 1971.

Amma ni a gani na, wanda ya fi nuna mana amfanin wannan tafiya shi ne marigayi Dakta Yusufu Bala Usman. Ya yi digirin farko a Jami'ar Lankasta ta Ingila, ya dawo a 1967 ya koyar a Kwalejin Barewa, sannan ya yi digirin digirgir a Zariya a 1974 kan tarihin Katsina. Abin da ya koyo a ƙasar Turawa da shi ya juyo ya tuhumi Turawan. Ya ɗauki rubutun Barth ɗin nan kan Katsina ya yi masa filla-filla: kwana nawa ya yi, da wa ya zauna, wane tunani ya taho da shi daga gida. Ya ƙi yarda da a riƙa fassara komai na tarihin mu da "Fulani da Haɓe", kamar dai mutane ba su da gona, ba su da kasuwa, ba su da aƙida, sai ƙabila. Ka na iya saɓa wa Bala a siyasa, mutane da yawa sun saɓa masa har ya koma ga Mahaliccin sa a 2005, amma bayan sa babu ɗalibin kirki da zai ce "Bature ya rubuta" ya ɗauka magana ta ƙare.

Sai dai ka lura da inda hasken ya faɗa: Sakkwato, Kano, Katsina, Damagaram. Masu nazarin Daular Usmaniyya su na ganin Gumel ta Barno ce. Masu nazarin Barno su na ganin ta can gefe, ga ta kuma ta na Hausa. Masu rubutu da Faransanci su na tsayawa a kan iyaka. Haka ta riƙa fitowa a littattafan wasu a matsayin wadda aka kai wa hari ko aka ratsa ta cikin ta. Malaman jami'o'in mu da ɗaliban su sun rubuta kundaye a kan ta, Allah ya saka masu, to amma da Ingilishi ne, kuma a kantar laburare su ke kwana. Hatta cinikin kanwa da gishirin da Barth ya gani, wanda ya yi masa littafi guda, Paul Lovejoy, a Wiskonsin ya yi digirin sa, littafin ya fito a 1986. Wanda kuma ya zauna a ƙauyuka biyu na Hausawa, 'Yardaji a Nijeriya da Yekuwa a Nijar, don ya ga abin da iyaka ta yi wa mutane iri ɗaya, Ba'amurke ne masanin siyasa, William Miles, a littafin sa na 1994. Wannan a yankin Daura ne. Duk ranar Alhamis kasuwar dabbobi ta Maigatari ta na cika da irin wannan tambaya, ana ciniki da naira da sefa.

Kada ka ce wannan duk zancen 'yan boko ne. Lokacin da taƙaddamar filayen noman rake ta tashi a Gagarawa a tsakiyar shekarun 2010, tambayar da ke ƙasan ta ita ce: gona ta wa ce? Amsar ta bi ta dokar ƙasa ta Turawa ta 1910, ta bi ta dokar soja ta 1978 da ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, ta bi ta al'adar gado da aro da jingina. Likita ba zai warware maka wannan ba, injiniya ma haka. Kuma a daidai lokacin, yaran makaranta ba su ma karanta tarihi, domin an cire shi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare tun zangon 2009/2010, sai a 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da dawo da shi.

Ku kuma 'yan fim da marubuta, abin ya shafe ku fiye da kowa. Finafinan mu da waƙoƙin su da sinimomin Kano, Brian Larkin ya yi digiri a kan su a Amurka, ya fitar da littafi a 2008. Farfesa Abdalla Uba Adamu, wanda ya tsaya wa adabin kasuwar Kano lokacin da ake yi masa ruwan duwatsu, a Jami'ar Sases ta Ingila ya yi digirin digirgir, kodayake a fannin koyar da kimiyya ne. Sannan ku dubi Sarauniya, fim ɗin Med Hondo na 1986, wanda aka ciro daga littafin Abdoulaye Mamani, ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Wagadugu a 1987. Salifou ma bai tsaya a kundi ba, ya mayar da Sarki Tanimu na Damagaram wasan kwaikwayo. Mu kuwa in za a yi fim ɗin sarauta, sai a ƙirƙiro masarauta marar suna, a naɗa wa jarumi rawani, a sa fadawa su yi ta "gyara kintsi". Ga Ɗan Tanoma da ya tashi gari sukutum, ga 'ya'yan gidan sarauta da su ka yi ta kokawar karaga bayan sa, ga ranar da jirgi ya fara yin kuka a Gagarawa. Furodusan da zai taɓa waɗannan ya na buƙatar wanda zai gaya masa irin rigar da aka sa, da kuɗin da aka kashe, da hanyar da ayari ya bi.

Kuma "waje" ba lallai Landan ba ne. Ɗalibin Maigatari ko Sule Tankarkar, ƙasar wajen da ta fi kusa da shi ita ce wadda ya ke hangowa daga bayan gari. Jami'ar da ke Damagaram yanzu sunan André Salifou ta ke amsawa, bayan rasuwar sa a 2022, kuma tafiyar 'yan sa'o'i ce a mota, muddin iyaka a buɗe ta ke, don an rufe ta a 2019, an sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 2023. Wanda ya yi shekara biyu a can ya kama Faransanci, zai iya buɗe rubutun Landeroin ya ga abin da dattawan wancan ɓangaren su ka faɗa kan yaƙe-yaƙen ƙarni na 19, sannan ya dawo fadar Gumel ya ji yadda nata dattawan su ke ba da labarin.